Gidan da Na Gina da Sunan Malam Habu

Talata. Bayan sallar asuba na fito da kaye biyu, littattafan rubutuna, daga akwati, na share tabarma, na zauna rubutu.

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan cin rani na Matameye da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, ina tambayar lafiyar iyali da ta ƙafar da aka ce tana damunka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ne Lawali magini, ɗan marigayi Malam Isa na Tsauni. Ban rubuta sunanka ba, shugaba ɗaya gare mu kuma kowa ya san shi. Sau huɗu na zo ƙofar gidanka cikin watan nan. Sau biyu aka ce ka tafi Damagaram, sau ɗaya kana hutawa. Na huɗun ne muka gaisa a tsaye, ka faɗa mini maganar da zan kawo a ƙasa, ka shiga mota. Shi ya sa na rubuta a fili. Ban tabbata daidai nake yi ba. Na yage biyu kafin wannan.

Tun ina kolej nake rubuta abin da ya faru a yini, layi uku ko huɗu, cikin kayen 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko. Duk abin da zan faɗa daga ciki na ɗauko shi. Inda na yi kuskure ka gyara mini, a fili ko a ɓoye.

1. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na sayar da rabona na garkar rake da mahaifinmu ya bari a Tsauni. Yayyena biyu sun hana ni, ban ji ba. Na riga na yi rani takwas a Kano ina gina wa mutane gidaje ina kwana a barandar shago, na so in sami inda zan rufe ƙofa. Aka nuna mini fili a wata unguwa bayan gari. Ana gobe za a yi ciniki, muka zauna a rumfar katako ta mai masaukinmu, Malam Habu, mutumin Kano. Mu huɗu ne: kai, da ni, da shi, da Idi na Yauri ta kusa da mu. Ka ce mini: "Kai Lawali, nan ba Matameye ba ce. Ka sa sunanka, gobe wani ya tashi ya ce ɗan Nijar ya ci ƙasar Kano. A ari sunan Malam Habu na wata shida, kafin kamfanin ƙungiya ya fito." Malam Habu ya yi dariya ya ce sunansa ba riga ba ne balle ya tsufa, a ɗauka.

Washegari a zauren mai unguwa aka gabatar da Malam Habu a matsayin mai saye. Aka nemi mai kyawun rubutu, ka nuna ni. Ni na rubuta takardar da hannuna, cewa Malam Habu ya sayi fili kaza, iyaka da wane da wane. Da aka zo wurin shaidu, ni na sa hannu na farko. A kayena na wannan rana na rubuta: "Yau na mallaki fili. Alhamdu lillahi." Ban ga komai a ciki ba. Har ran nan ban taɓa jin ni baƙo ne a Kano ba. Harshenmu ɗaya, sahu ɗaya muke tsayawa, kakata ma daga wajen Daura aka auro ta.

2. Maganar kamfani. Ka ce ƙungiya za ta yi rajistar kamfani a can, filayen 'yan uwa duka su koma ƙarƙashinsa, kowa a rubuta masa nasa. Ka karɓi hotunanmu biyu-biyu da kwafin katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Duk shekara da muka sauka sai in tambaye ka. Amsoshinka suna nan a rubuce: takardu suna Abuja, an canja ma'aikaci, saura sa hannu ɗaya, bana in sha Allahu. Daga shekara ta shida na daina tambaya, don na ga fuskarka tana sauyawa in na tunkaro ka.

A ranin da ya wuce na je wurin wani lauya a Kano, karo na farko a rayuwata. Ya ba ni kujera, ya yi mini bayani a tsanake, na rubuta. Ya ce a dokar can, ƙasa amana ce a hannun gwamna don 'yan ƙasa, baƙo ba ya samun takardar mallaka da sunansa haka kawai, kuma takardar zauren mai unguwa ba ita ce takardar mallaka ba tun farko. Ya ce kamfani hanya ce ta gaskiya, amma kamfanin da baƙi ke ciki yana buƙatar rajista, da izinin yin kasuwanci na musamman, da takardar zama ga waɗanda za su riƙe shi, da ofis mai adireshi, da bayanin haraji kowace shekara, da jarin da ya ambata na zaci ban ji daidai ba har na ce ya maimaita. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ƙofa don masu masana'anta aka yi ta, ba don magina ba." Bai faɗa da wulaƙanci ba.

Alhaji, tambayata ɗaya ce a nan. Ka san wannan ran da ka karɓi hotunanmu? In ka sani, me ya sa ka karɓa? In ba ka sani ba, a wace shekara ka gane, kuma me ya hana ka tara mu ka faɗa? Da ka faɗa a shekara ta uku, ban ɗora bulo ko ɗaya ba tukuna.

3. Ban ɗora wa Malam Habu laifi ba, Allah ya jiƙansa. Sau biyu ya kira ni. Na biyun yana zaune kan buhun ƙusa ya ce, "Lawali, rai ba a hannuna yake ba. Zo mu gyara takardar nan." Na ce masa a jira kamfani, Alhaji ya ce saura kaɗan. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Ya rasu daminar bara ina nan ina noman gero. Sai bayan kwana tara labari ya iso ni.

4. Rani bakwai na yi ina gina gidan. Ɗaki uku, da zaure, da banɗaki, da rijiyar da muka haƙa da Idi. Da rana aikin mutane, ranar Juma'a bayan masallaci nawa. Yanzu gidan yana cikin lissafin gadon Malam Habu, don takardarsa a cikin jakarsa aka same ta. Babban ɗansa Nasiru mutumin kirki ne. Ya ce mini, "Kawu, wallahi ni na san naka ne, Baba ya taɓa faɗa mini. Amma mu goma sha ɗaya ne, huɗu ba su balaga ba. Ba ni da ikon yafe haƙƙin maraya da bakina." Gaskiya ya faɗa. Sauran magada ba su san ni ba sai a matsayin maginin babansu.

Na je gaban alƙali. Ya saurare ni, ya ɗauki takardar, ya tambaye ni rubutun wa ne. Na ce nawa. Ya tambayi sa hannun shaida na farko. Na ce nawa. Ya ajiye takardar. Na miƙa kayena, ya ce mutum ba ya yi wa kansa shaida, ko da rubutunsa ya fi na kowa kyau. Na kawo maƙwabta biyu da suka ga ina gini. Aka tambaye su, suka ce e, sun gan ni shekara da shekaru ina gini a wurin, kuma sun gan ni ina gini a gidaje shida na layin, ai magini ne. Ban taɓa tunanin sana'ata za ta zama hujja a kaina ba.

Alƙali ya ce in na kawo mutum ɗaya adali da ya zauna a rumfar nan, ya ji yarjejeniyar da kunnensa, in haɗa da rantsuwata, zai duba a cire gidan daga rabo. Ya sa Alhamis ta makon jibi. Malam Habu ya rasu. Idi ya rasu shekara uku da suka wuce, a hanyar Kance. Saura kai.

5. Abin da ka faɗa mini a ƙofar gidanka shi ne: "Lawali, in na buɗe baki a kotu, ba gidanka kaɗai zai fito ba. Ka yi haƙuri, Allah zai musanya maka." Na juya maganar nan kwana shida. Na fahimce ta. Akwai 'yan uwa da yawa da filayensu ke kan sunan aro, da shawararka, kuma an ce har da naka, amma wannan ban gani da idona ba. Sunayen waɗanda na sani suna cikin kayena, ba zan faɗe su ba. Mai yiwuwa wasiƙar nan ma ta cutar da su, kuma wannan shi ya sa na yage biyun farko. Amma Alhaji, masu masaukinsu ma mutane ne. Za su mutu ɗaya bayan ɗaya, kowane da magadansa. Shirunka bai tsare gidan kowa ba. Ni dai na riga su zuwa gaban alƙali.

Ba zan ɓoye maka ba, ko ka zo ba lalle in samu ba. Lauyan ya ce in an cire gidan daga gado, har yanzu ba za a iya sa sunana a kai ba. Ko in sayar, ko in sake aron sunan wani. Shekarata arba'in da biyu, bayana ya fara ƙin bulo. Garka ta tafi, mai ita har ya kewaye ta da shinge. Ban ga wani rani bakwai a jikina ba.

Roƙona uku ne.

Na farko, ka zo Kano ranar Alhamis ɗin da alƙali ya sa. Na yi magana da direba, zai ba ka gaban mota saboda ƙafa. Abin da ka ji kawai za ka faɗa, ba ƙari.

Na biyu, in ba za ka iya ba, ka faɗa a gaban limamin unguwarmu da yayyena biyu cewa gidan nan nawa ne. Ba zai kai kotu ba, na sani. Amma babban yayana ya fara cewa ko ma ba a taɓa yin wani gida ba, a Kano na cinye garka.

Na uku, an gama girbi, motoci sun fara cika. Ka tara 'yan uwa kafin su tafi, ka gaya musu babu kamfani kuma ba za a yi ba. Ka mayar wa kowa hotonsa.

Ban manta alherinka ba. Kai ka biya mini mota ran da na fara tafiya cin rani, kai ka raka gawar Idi har Yauri. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare iyalinka, ya sa ka cika da imani. Allah ya sa kada magadanka su tsaya inda na tsaya. Ban sa ran amsa sosai ba, amma zan bar wayata a kunne.

Wassalamu alaikum.

Lawali magini, Matameye.

Abin da ya rage na gobe, Laraba:

1. A yi kwafi biyar. Ɗaya tasha, ɗaya ƙofar masallacin Juma'a, ɗaya gidan Alhaji, sauran biyu in ajiye.
2. In nemi buhu huɗu babu komai, don kayan da ke ɗakin tsakiya na gidan Kano.
3. In kira mutanen Yauri uku da ke sauka a gidan, su nemi wani wurin kwana bana.
4. In tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta in cire ƙofofi da kwanon rufi kafin ranar rabo. Ina jin zai ce a'a.
5. In gaya wa matata Rabi halin da ake ciki. Har yanzu tana ajiye labulen da ta saya wa ɗakin gabas.