Kwat ɗin Baba

Litinin

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ƙugun? Allah ya sa ma'aikatan asibiti suna haƙuri da kai, don na san halinka.

Ba zan ɓoye maka ba, yau na saki tumaki da 'ya'yansu a kan tudu. Na san abin da za ka ce: ƙayar shinge tana fure, ba a sakin jarirai sai furen ya zube, don sanyi yana laɓe a bayansa. To ciyawar rumbu ta ƙare, rana kuwa ta buɗe har na cire suwaita, kuma rediyo ya ce ɗumi har Lahadi. Maƙwabcinmu Emrys ya leƙo ta shinge yana cewa, "Nerys, in sama ta juya rediyon ne zai hau miki tudu?" Na ce ya ji da nasa. Na ji ya kai maka takardar sayen gonarmu har gadon asibiti. Kar ka sa hannu. Kai ka ce in na fid da haihuwar tumakin bana lafiya gonar tawa ce, kuma na riƙe maganar.

Karenka Mot har yau bai san da zamana ba. In na yi fito sai ya kalli ƙofa yana jiranka.

'Yarka,
Nerys

Laraba

Baba,

Ina gaisuwa, yaya ƙarfin jiki? Nan kam ba lafiya. Jiya an tashi da rana, tsakar rana iska ta juya, kafin yamma dusar ƙanƙara ta rufe tudu. Na hau da ƙafa ina kira har muryata ta dushe. Mot ya raka ni bakin gona ya juya abinsa. Haka na riƙa saukowa da jarirai biyu-biyu a hammata har hannuwana suka daina jin komai. Waɗanda na tarar a gindin katanga sun riga sun sandare, har da ɗan Baƙar Fuska, tunkiyar da ka fi so.

Fiye da rabin garken yana can sama, rediyon da ya cuce ni kuma yanzu cewa yake gobe za a ƙara. Tsoro nake ji, Baba. Na zauna a kan bokiti na yi kuka mai isata. In Emrys ya zo, don girman Allah ka yi kamar barci kake.

'Yarka,
Nerys

Juma'a

Babana,

Barka da war haka, da fatan ka fara takawa. Jiya kwat ɗina a jiƙe yake, sai na zari naka daga ƙusa, wannan mai warin taba da tumaki. Ina fitowa Mot ya miƙe, ya shinshina gefensa, ya shige gabana. Fito ɗaya na yi a kan tudu, ya zagaya ya tattaro garken, muka sauko ƙanƙara na dukanmu. An yi asara, ba kaɗan ba. Sai na zo zan faɗa maka da bakina.

Na yi abin da ka koya mini, na feɗe ɗan Baƙar Fuska na sa wa wani marayan ɗan rago fatar, na kai mata shi. Ta ture shi, ta sake shinshinawa, yanzu haka yana tsotso. Emrys ya kawo ciyawa a tarakta, ban sani ba ko tausayi ne ko kuwa kiwon abin da yake ganin nasa ne yake yi. Ya dubi ɗan ragon, ya dube ni, ya ce, "Ashe ke ma fatar tsoho kika yafa." Gaskiya ya faɗa.

Ban cika sharaɗinka ba, na sani, kuma ba ni da bakin magana. Roƙo kawai nake yi. Kai ka sha gaya mini ba a cire wa maraya fata sai uwar ta saba da warinsa. Ka bar mini kwat ɗin zuwa baɗi, Baba. Kar ka sa hannu.

Allah ya ba ka lafiya.

'Yarka,
Nerys