Itatuwan Gawon Gonar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya ƙafar Inna?

Ranar Juma'a na haɗu da Isufu na garinmu a unguwar Batha, nan Riyad. Ya ce gwamnati ta ba manoman da suka bar itatuwa a gonakinsu tallafi, amma an tsallake gonar Baba. "Kututture kawai suka tarar," in ji shi.

Na duba littafin da nake rubutu a ciki kullum, na ga ranar da na matsa maka ka sare itatuwan gawon a sayar don kuɗin tafiyata Riyad. Ka hana, ban ji ba, sai da aka sare su.

In kututturan sun yi toho, don Allah a bar su lokacin sassabe. Ban sani ba ko Inna za ta ga inuwarsu.

Ka gaishe ta, ku sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Habu