Ranar da Na Kasa Ɗaukar Yohanna

Asabar, da dare

Barci ya ƙi zuwa. Yau muka binne Yohanna, abokina tun muna soja, a Dabai. Mu shida muka ɗauki akwatin gawarsa daga coci, amma kafin rabin hawan tudun maƙabarta numfashina ya sarƙe. Dole wani ya karɓe ni. Na zauna bisa dutse ina haki, ni da na taɓa goya Yohanna a daji da harsashi a cinyarsa. Ana waƙa aka wuce da shi.

Da muka dawo na ce wa matata Rifkatu tsufa ne. Ta ce, "Baban Markus, ba tsufa ba ne, burkutu ne da zaman benci. Fasto ya sha faɗa jiki haikalin Allah ne. Naka haikalin wa ka bar wa ya share?" Na yi fushi, na ƙi cin tuwo. Amma gaskiya ta faɗa. Likita ya daɗe da cewa ina da hawan jini, ni kuwa sai addu'a, ina zaune.

Ya Yesu, ka gafarta mini, na wulaƙanta amanarka. Gobe da ƙafa zan tafi coci, babur ya huta. Tsorona kada in kasa a hanya mutane su gani. Da na faɗa wa Rifkatu, ta ce ba komai, tare za mu tafi, za ta riƙa tsayawa kamar takalminta ne ke damunta.