Torleif Ba Ya Sauya Aji

Trondheim, Litinin.

Zuwa ga yayata Aslaug,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya sanyin Tromsø? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na gaji. Mantuwar mijina Torleif ta yi tsanani, har jiya ya tambaye ni ko ni ce sabuwar sakatariya. An samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi na unguwarmu, amma in ba a shigar da sunansa kafin Juma'a ba, wani za a ba. Manhajar gidan kuwa ta ƙi karɓarsa, manhajar da shi ya rubuta da hannunsa ina taya shi, lokacin yana ma'aikacin gidan!

Kin sha cewa aikinmu tatsuniya ne, to yau ki saurara. A aikin manhaja, abin da muke kira aji kamar abin buga bulo ne, kowane mutum a manhajar kuma bulo ne da aka buga da shi. Torleif ya yi babban aji ya kira shi Mutum, ya fitar masa da 'ya'ya biyu masu gadonsa, Ma'aikaci da Majinyaci. Wanda aka buga a ɗaya ba ya komawa ɗayan. Tun lokacin na ce masa ma'aikaci ma yana tsufa, ya yi dariya ya ce, "Ke dai Gunvor, da shegen hangen nesa! Kawo kofi." Shi ne Ma'aikaci na farko a ciki. Ya kuma killace cikin ajin ta yadda ba mai taɓa shi daga waje, abin da ya yi ta alfahari da shi kenan.

Masu gidan sun ce sai an goge shi daga Ma'aikaci, a sake buga shi a Majinyaci. A can kaɗai ya rage yana mutumin da na aura, Yaya.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Gunvor.

Trondheim, Juma'a.

Yaya Aslaug,

Bayan gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

Na nemi wata hanya har idona ya yi ja, babu. Na ajiye masa kwamfuta a gabansa ko hannunsa zai tuna. Ya daɗe yana kallon rubutun, ya ce, "Kai, wanda ya yi wannan gwani ne, amma ba ya jin shawara." Na yi dariya, na shiga kicin na yi kuka.

Yau da safe na je ofishinsu, na ce ba wanda zai goge shi sai ni. Da na danna, gargaɗin da ya rubuta tun muna da ƙuruciya ya fito: "An tabbata? Wanda aka goge ba ya dawowa."

Na tabbatar, Yaya. Ya samu ɗakin, tagarsa tana kallon teku. Da zan tafi ya miƙo mini hannu, ya ce ya gode, in gaida maigidana.

Kada ki bugo waya, ba zan iya magana ba tukuna.

Taki har kullum,
Gunvor.