Lambar Reshen da Kuka Sauya da Mutuncin Baba Nomau

Zuwa ga Mai girma Darektan bankin da koperatif ɗinmu ke ajiya a cikinsa, babban reshen Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, sunana Laminu. Manomin rani ne ni a Jiratawa, kuma sakataren wata ƙaramar koperatif ta manoma da muke ban ruwa daga foraj ɗaya, wato rijiyar burtsatse. Ban kama sunan bankinku ba, don ba tozarta ku na zo yi ba. Na rubuto a idon jama'a ne saboda abin da ya same mu a idon jama'a ya faru, kuma na zo ganinka aka ce kana Yamai, na sake dawowa aka ce kana taro.

Na farko, yadda abin ya soma. Bara, bayan an kai amfanin damina gida, famfon foraj ɗinmu ya ƙone. A lokacin irin albasa da na tattasai sun isa dashe. Abin da ke cikin asusunmu bai kai kuɗin sabon famfo ba, sai muka kai kuka ga 'yan'uwanmu na Jiratawa da ke bidar kuɗi a Abijan. Harisu, shugabansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya suka haɗa abin da ya samu. Ya ce in turo masa lambobin kont ɗinmu, wato asusunmu na banki, ni kuwa na ɗauki hoton takardar da kuka ba mu ranar da muka buɗe kont a ƙaramin reshenku na Sabon Gari na tura masa. A jikinta akwai lambar banki, da lambar reshe wadda kuke kira kod gishe, da lambar kont. Harisu ya je bankinsa ya turo kuɗin, ya aiko mana da hoton resi, wato takardar shaidar biya, ya ce mu duba cikin makon.

Na biyu, abin da ba ku gaya mana ba. Ashe kun rufe reshen Sabon Gari, kun mai da masu ajiyarsa babban reshe, kuma lambar reshen ta sauya. Daga baya na ji an liƙa sanarwa da Faransanci a ƙofar reshen da aka rufe. Ranka ya daɗe, mu a Jiratawa muke kwana muke tashi. Kuna da lambar wayata da ta ma'ajinmu, kuna turo mana saƙon barka da salla da tallan bashi, amma saƙon da ya shafi wannan lamba bai taɓa zuwa ba.

Na uku, wanda abin ya faɗa wa. Ma'ajinmu Baba Nomau ne, dattijo, wanda tun ina yaro shi ake ba ajiyar iri da kuɗin gayya a unguwarmu. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ba a taɓa jin an ce ya rage wa wani ko tiya guda ta hatsi ba. Shi ya hau kabu-kabu ya tafi Sabon Gari, ya tarar da ƙofa a kulle, mai gadi ya kwatanta masa babban reshe. A can ya tambayi ma'aikacin gishe, mai karɓa da biyan kuɗi a bayan gilashi, ko wannan ƙaura ta taɓa ajiyarmu, aka ce masa kont ɗinmu na nan, ba abin da ya sauya, sai dai kuɗin ba su shigo ba, ya dawo wani makon.

Ya koma. Ya sake komawa. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na bi shi da kaina, na miƙa wayata ta ƙasan gilashi da hoton resin Harisu a buɗe. Tsohuwar lambar reshe tana nan a jikinsa ƙuru-ƙuru. Ma'aikacin ya kalle shi, ya kalli na'urarsa, ya ce matsalar daga can ce, wanda ya turo ya je ya bincika. Harisu ya je, bankinsa ya ce kuɗi sun fita daga hannunsu. Mu manoma ne, ba mu san lamba ta mutu ba. Amma wanda ke zaune a bayan gilashin nan kullum da ita yake aiki, kuma da ya karanta abin da na miƙa masa, da wannan wasiƙa ba ta zo maka ba.

Na huɗu, abin da jiran ya jawo. Irin da ke jiran dashe ya tsufa ya ƙone a fangali. Wasu suka riƙa jan ruwa da guga suna ceton abin da za su iya, wasu suka haƙura da noman shekarar, matasa kuma suka bi hanyar Najeriya neman na abinci. Wannan asara ce, amma ƙasa na nan, an sake shuka. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar da ta tashi. Na Abijan suna riƙe da resi, na gida ba su ga famfo ba, kuma mutum ɗaya ne ke zuwa banki yana dawowa hannu biyu. A daidai lokacin ne surukin Baba Nomau ya aiko masa da kwanon rufi ya rufa ɗakinsa da damina ta cinye. Sai aka haɗa wannan da wancan. Saƙonnin murya suka dinga yawo a waya daga Abijan zuwa Jiratawa, har jikokinsa suka ji. Ni da shugaban koperatif muka tsaya muka rantse a kansa, sai aka ce tare muka raba. Na dawo bankinku na roƙi ko da layi biyu ne a rubuce, da hatiminku, cewa kuɗi ba su shiga ba kuma ba wanda ya cire kome. Aka ce sai da izinin darekta.

Ranar da aka yi taro a gindin itacen bedin da ke ƙofar mai gari, wani yaro da Baba Nomau ya yi wa huɗuba ranar haihuwarsa ya miƙe ya ce a fito da kuɗin mutane. Tsohon ya sa hannu a aljihu. Ya ajiye makullin akwatin koperatif a kan tabarma, ya ce, "Allah na gani, ni ban gani ba, ban taɓa ba." Ya sa takalminsa ya tafi. Ya daina zama a majalisa bayan la'asar, daga baya ya ba wani aron gonarsa ya koma Tibiri wajen ɗiyarsa Rabi.

Sai da azumi ya kusa bankin Abijan ya kira Harisu ya ce kuɗin sun dawo, dalili kuwa lambar reshe ba ta aiki. Na zo bankinku na nemi takarda mai sabuwar lambar reshe, aka buga mini ita kafin in gama gyara tsayuwa. Harisu ya sake turowa, cikin makon suka shigo, muka sayi famfo. Ruwa ya dawo bayan lokacin dashe ya wuce.

Ni da shugaba muka tafi Tibiri muka kai masa labari. Muka same shi a zaure, ya rame, yana fama da ƙafa. Ya yi hamdala, ya tambaye mu ko sabon famfon na jan ruwa sosai, ya tambayi zogalen da ke bakin gonata ko ya rayu. Da muka ce ya dawo gida ya karɓi makullinsa, sai ya ce a gaida mutane. Rabi ta raka mu bakin hanya ta ce mana ko sallar Juma'a ba ya son zuwa inda zai haɗu da ɗan Jiratawa.

Wasu sun je sun nemi gafararsa. Amma har yau akwai masu cewa kunya ce ta sa ya mai da kuɗin a ɓoye, don zancen lamba ba ya shiga kunnensu idan daga bakina ya fito. Ni ne na yi ta lallashin dattawanmu su bar ajiya a akwati su kai banki, na ce musu a can ba a zargin kowa tunda kome a rubuce yake. Yanzu in na wuce su sai in gaishe su in yi sauri.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. Duk ranar da za ku sauya lambar wani reshe, ku kira masu ajiya a waya, ku sa a faɗa a gidajen rediyo da Hausa, kuma ku bar tsohuwar lambar tana kai kuɗi ga sabuwa har mutane su sani. Ku gaya wa ma'aikatan gishe cewa in mutum ya kawo resi, a karanta shi kafin a ce ya dawo gobe. Ba mu neman diyyar albasa ko tattasai, mun bar wa Allah. Abin da ya fi duka, ka turo babban ma'aikaci, ko ka zo da kanka, ya tsaya a ƙofar mai garinmu bayan sallar Juma'a ya faɗa da bakin banki cewa kuɗin nan ba su taɓa shiga hannun Baba Nomau ba. Daga nan mu wuce Tibiri tare ku faɗa masa shi ma. Ba nisa, ni zan nuna muku gidan. Ina roƙon kada a ja abin, domin ƙafar ta hana shi fita yanzu, kuma ina so ya ji da kunnensa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya tsare ka da zuriyarka daga ranar da za a tuhume ku da abin da ba ku ci ba, ku rasa mai shaida.

Wassalam.

Laminu, sakataren koperatif,
Jiratawa.