Wankan Yalwa

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Ruwa tun asuba, lungunmu ya zama kogi. Nusaiba ta tashi lafiya, jaririyar ma haka. 'Yata guda, haihuwarta ta fari, kuma a ɗakina take jego. Ban san daɗin zai kai haka ba.

Yalwa ta zo da la'asar da kwaɓin lalle, wai ba za a yi sunan jikata hannuna fari fat kamar na gawa ba. Tun rasuwar Inna, wadda na gada, ni ke wankan gawar mata a wannan gefe na Kaura, Yalwa ke zuba mini ruwa, shi ya sa bakinta ba ya jin nauyin kalmar. Ta ƙunsa mini har farce. Tana ɗauri tana tuna mini alkawarinmu, wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta wanke ta. "Ke za ki wanke ni, Kubura. Na hi ki kirki, mu ba mu daɗewa." Na ce bakinta ya sari ɗanyen kashi.

Laraba, 6 ga Agusta

An kira mu makarantar da mutanen Kurya Madaro suke zaune tun da 'yan bindiga suka tashe su. Wata mata ce, Iyatu. Amai da gudawa tun jiya, yau babu ita. Ido ya faɗa, fatar yatsu ta yamutse kamar wadda ta wuni wanki. Na matsa cikin a hankali yadda aka saba, abin da ya fito fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Yalwa ce ta wanke tsummokaran.

Bayin Allah, ba su da komai amma sai da suka kawo mana tuwo. Aka miƙo ƙwaryar wanke hannu, kowa ya tsoma, muka ci. Ƙi ci a gidan mutuwa wulaƙanci ne.

Alhamis, 7 ga Agusta

Hamdiyya ta zo. Yarinyar da na koya wa alif da ba a Islamiyya, yanzu ma'aikaciyar asibiti ce. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, sannan ta fara yi mini karatu. Wai kwalara ce ta kashe Iyatu. Wai ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana cikin kashi da aman mai ciwon, daga nan ta hau hannu, ta shiga ruwa da abinci, ta wuce baki. Mutum ya mutu, ita ba ta mutu ba.

"Malama, don Allah in anka sake kiranki, ki sa wagga." Safar hannu ce ta roba, da sabulu, da garin kilorin, maganin kashe ƙwayar, mai warin tsiya. Har da cewa in yanke farce, datti na ɓuya a ƙarƙashi. Na ce Musulma ba ƙazanta ba ce da za a taɓa ta da roba. Da ta fita na tura kayan ƙarƙashin gado.

Juma'a, 8 ga Agusta

Suna. Yarinya ta ci suna Nadiya. Gida ya cika, Yalwa ba ta zo ba. Yalwa da ko sunan akuya ake yi tana gaba.

Asabar, 9 ga Agusta

Tana rumfar da aka kafa bayan asibiti, ƙarin ruwa a hannu biyu. Ɗanta Sabo ya ce tun jiya da safe abin ya kama ta, ta hana a faɗa mini don kada ta ɓata mana suna, tana ta jiƙa saiwoyi har ta kasa tashi. Sai da na taka kwanon ruwan kilorin aka bar ni na leƙa. Ban gane ta ba da farko.

Na ja Hamdiyya gefe. Gawa ɗaya muka wanke, kwano ɗaya muka ci, me ya sa ita, ban da ni? Ta ce jiki yana da garkuwa, kuma yana tuna cutar da ya taɓa yaƙi da ita. Ta tambaye ni ko na taɓa yi. Na tuna daminar da aka yi ta a garin nan shekarun baya, na yi gudawa ta wuce ban ko kwanta ba. Har na fara hamdala, sai ta ƙarasa. Da yawa suna haɗiye ƙwayar ba su yi ciwo ba, amma tana cikinsu, tana fita tsawon kwanaki. "Kina iya ba Nusaiba, Malama, ke ba ki sani ba."

Ni ke dama mata kunun kanwa kowace safiya. Da wannan hannun.

Na dawo gida na tsaya a bakin ƙofar ɗakina na kasa shiga. Tsoro nake ji, ba na ɓoye wa takarda.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na koma ɗakin marigayi Malam. Butata daban, kwanona daban. Maƙwabciyata Uwani ta karɓi damun kunu da wankan jego, na sa ta tafasa duk ruwan sha. Na jawo sabulun nan daga ƙarƙashin gado. Sabulun kawai.

Nusaiba ta biyo ni tsakar gida da yarinya a kafaɗa. "Inna, mi niy yi miki? Ko ɗiyar ba ki amsa." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa mata gaskiya. Ta ja da baya taku kaɗan. Daidai ta yi. Amma ya yi mini ciwo.

Litinin, 11 ga Agusta

Yalwa babu sauƙi. Wai an makara, ƙoda ta taɓu.

Talata, 12 ga Agusta

Ta gane ni yau. Muryar ta shige ciki, sai na sunkuya. Ta tambayi Nusaiba, ta tambayi sunan yarinya. Can ta ce, "Kada ki bari baƙi su gane ni tsirara." Shi ke nan abin da ta ce.

A waje Hamdiyya ta gaya mini ba kwana-kwana. Idan ta Allah ta kasance, ma'aikatansu ke yin wankan. Sai dai in na yarda in yi yadda suke yi, da safa da rigar leda, kuma ba matsa ciki. Na ce wankan da ba a matsa ciki ba rabin wanka ne. Ta ce ta tambayi liman, ya ce inda akwai cutarwa an yafe.

Alkawari kaya ne. Na yi wa Yalwa alkawarin hannuna, ba na roba ba. Amma hannun nan gida zai koma, inda mai jego take da jaririyar da ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba. Na wuni ina juya abin, ban ci komai ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi.

Na je gida na durƙusa na zaro safar daga ƙarƙashin gado.

Hamdiyya ce ta zuba ruwa. Da na kilorin aka fara, aka toshe baki da hanci da sauran kafofi da auduga jiƙaƙƙiya. Daga nan na ce saura nawa. Na yi niyya, na yi mata alwala, na fara da dama. Na kawo ganyen magarya daga gidana da kafur, ko da yake warin maganin ya danne su. Na tsefe kanta na yi mata kitso uku. Hannuna ya je kan cikinta da kansa, don sabo, na janye shi.

Ban ji fatarta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Matan da ban san sunansu ba na ji sanyin jikinsu a tafina, Yalwa kuwa da leda tsakaninmu. Na sunkuya na ce mata ta yafe mini, don Nadiya ne. Ba wanda ya ga tsiraicinta sai ni, Hamdiyya ta kau da kai har na rufe.

Da na cire safar aka jefa a wuta, sai ga lallenta jajir a hannuna. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ba na yi a wurin aiki.

An ce wanda ciwon ciki ya kashe ya yi shahada. Allah ya sa haka.

Juma'a, 15 ga Agusta

Zaman makoki. An kawo abincin sadaka, sai ga ƙwaryar wanke hannu tana zagayawa, ruwan har ya yi kauri. Ban san lokacin da na tashi na karɓe ta na kifar a magudana ba. Na ɗauki buta da sabulu na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu.

Tsohuwa Gimbiya ta ɓoye hannunta cikin mayafi. "Kubura an zama likita. Abin da Allah ya rubuta, sabulu na hana shi?" Na ce, "Iya, miƙo dai. Shi yay yi cutar, shi yay yi sabulun." Ta miƙo tana gunaguni.

Sai da butar ta ƙare na lura. Zuba ruwa aikin Yalwa ne.

Talata, 19 ga Agusta

Cikin Nusaiba ya murɗa da safe, ta zaga sau biyu. Na sa Uwani ta haɗa ruwan gishiri da sukari, na aika a kira Hamdiyya, na zauna a bakin ƙofa ina jan carbi ba tare da na san me nake faɗa ba. Hamdiyya ta duba ta, ta ce ba kwalara ba ce, kanwa ce ta yi yawa a kunu. Na yi wa Uwani faɗan da bai kamace ta ba. Gobe zan ba ta haƙuri.

Litinin, 25 ga Agusta

Hamdiyya ta ce kwanakin sun wuce, ko da akwai abin a cikina ya fita.

An kira ni wankan wata tsohuwa 'yar ƙauyen Banga da ta rasu a gidan ɗanta. Tsufa ne kawai, ba cutar ba. Na sa safa. Don dai akwai saura ne, kada su lalace a ajiye. Matar da ta zuba mini ruwa ma na ba ta, tun da ga su.

Na dawo na yi wanka. Lallen ya goge a tafi, saura a farce, farin sabo ya fara turo jan daga ƙasa. Na daɗe zaune da reza a hannu. Duk yanka ɗaya zai tafi da wani abu na Yalwa.

Na yanke, na binne a gindin magarya. Na wanke hannu da sabulu, sannan na ce Nusaiba ta miƙo mini Nadiya.