Ƙullutun da Ya Sa Na Ɗinka Rigunan Shekara Uku

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Allah ya raba lafiya. Mu nan kowa ƙalau, jaririyata ta cika wata biyar, ta yi kumatu har wuyanta ya ɓace.

Maigidanki ya faɗa wa nawa cewa kin ji ƙullutu a nono, kin kuma hana a gaya wa kowa. To na ji, kuma ba zan yi miki faɗa ba, don wautar da na tafka ta fi taki. Wata biyu da suka wuce na ji nawa ƙullutun a nonon dama, kamar ƙwan tantabara. Nan take na tuna Innarmu, yadda ta ɓoye nata shekara biyu har likita ya ce an makara, sai na yanke wa kaina hukunci. Na daina ba yarinya wannan nonon, na hau keken ɗinki na yi ta yanka wa yara riguna, na bana, na baɗi, na gaba da baɗi, don kada su rasa abin sawa bayan raina. Ina ɗinki ina hawaye. Wata rana maigida ya ɗaga rigar da za ta shiga 'yar shekara uku, ya tambaye ni ta wace ce, sai na faɗa masa gaskiya. Washegari da kansa ya kulle shagona ya kai ni asibiti.

Likitar ta duba, ta yi hoto, ta sa allura ta zuƙo abin. Ruwan nono ne, Auta, zalla. Ta tambayi yadda nake shayarwa, na ce kullum a hagu nake ɗora yarinya saboda hannun dama yana kan keke. Ta yi dariya, ta ce na daman ne ya taru ya rasa hanya, hana shi da na yi kuma ya ƙara masa. Ta ce yawancin ƙullutun masu ciki da masu shayarwa ba mugun ciwo ba ne, amma taɓawa da hannu ba ta bambancewa, sai an duba.

Saboda haka ki je asibiti a makon nan. Raina yana ba ni naki ma ba komai ba ne, in ma wani abu ne, da wuri ake cin ƙarfinsa. Idan mako ya ƙare ban ji sakamako ba, zan goya yarinya in hau mota in zo in kai ki da kaina. Kwana biyu a hanya ba ya ba ni tsoro, shirunki ne yake ba ni.

Ki gaishe da maigidanki, kada ki yi masa fushi. Ki gaishe da surukarki. Baba da Goggo da yara suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Yayarki mai ɗinki